Yabon Uwar Kaji

Zuwa ga ƙanena, Jakadan Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara da na'urar sanyaya ɗakin ofishinka. Ni ma lafiya lau, in dai numfashi ake kira lafiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar ƙwai. Na ga kiranka a waya, ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba. A waya bakinka ya fi nawa santsi, abin da na biya maka kuɗin makaranta ka koyo ke nan. A takarda kuwa dole ka zauna ka ji ni har ƙarshe.

Na je iyaka da ƙafata. Dogo direbana ne ya kira ni da safe, ya ce ya iso bakin gada da lodin 'yan tsaki, kwastan na ɓangaren ƙasarmu ta haihuwa sun tare shi. Wai umarni ya zo daga sama, an ga murar tsuntsaye, ko gashin kaza ba zai ƙetaro nan ba. Ya ce to bari ya juya ya mayar da su kamfanin ƙyanƙyasa. Suka ce mota ba ta motsawa sai likitan dabbobi ya zo daga babban birni ya duba. Na tsallaka gadar nan a ƙasa, na tarar da motata a bayan ofishinsu, a tsakar rana, ga inuwar bishiya can gefe babu kowa a ciki. Na roƙi babbansu ya bari a tura ta inuwa, ko da hannu ne. Ya ce, "Hajiya, takarda ta ce kada ta motsa, ba ta ce ban da inuwa ba."

Ka taɓa jin kukan 'yan tsaki cike da babbar mota? Daga nesa kamar ruwan sama a kan kwano. Ranar da na isa, sai na ɗaga murya kafin Dogo ya ji ni. Muka buɗe kwalayen da hannu ke kaiwa, muna ɗiga musu ruwa da murfin kwalba, ni da shi da wata mai sayar da lemo da ta tausaya mana. Washegari muna magana ƙasa-ƙasa muna jin juna. Daga nan kuma sai shiru. Likitan bai zo ba har yau. Dogo ƙato ne, ka san shi, amma sai da ya zaga bayan mota ya yi amai.

Yanzu bari in tuna maka. Tun da aka turo ka ofishin jakadancinmu na nan, a teburin ciniki, kowane ƙarshen mako kana gidana. Ka cire takalmi, ka miƙe ƙafa a doguwar kujerata, ka ci ƙwaina, ka yi ta tambaya. Yaya, wai duk 'yan tsakin ƙasar nan daga gida ake kawo su? Yaya, ɗan tsako yana kai yaushe ba ci ba sha? Yaya, wane lokaci ne kowa ke zuba sababbi? Ni kuma baki har kunne, na ce yaron nan ya fara hankali, yana son sanin sana'ar da ta raine shi. Ashe 'yar leƙen asirinka ce ni, ba albashi, kuma ni ke ba da abinci.

Babu wata mura. Ko kazar da ke cikin tukunya ta san rigimar madatsar ruwa ce. Gwamnatin nan ta tare kogi, gwamnatinku tana so a saki, shi ne kuka duba kuka ga wuyan da ya fi sauƙin shaƙewa.

To ga labari. Ma'aikatar harkokin waje ta nan ta kira ƙungiyarmu ta masu kaji, ka kuwa san wace ce shugaba. Za su rama. Za su kori mutum ɗaya daga ofishinku, kuma suna so ya zama wanda ya kitsa abin, ba ɗan aike ba. Wani mai tabarau ya tambaye ni, a cikin ginin nan naku wa ya san harkar kaji. Na ce a ba ni lokaci in yi tunani.

Tunanin nake yi. Ka gaida matarka, ka ce ta fara duba akwatuna.

Yayarka,
wadda kasuwa ke kira Uwar Kaji

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, tare da jajanta miki asarar da kika yi. Allah ya mayar da alheri. Na karanta takardarki har ƙarshe kamar yadda kika umarta, kuma ban ji daɗin abin da ya samu Dogo ba.

Yaya, ki yi mini izini in yi bayani a matsayin ma'aikaci, ba ƙane ba. Ƙasa ba ta da hannun da za ta mari wata ƙasa, in ba yaƙi za a yi ba, kuma babu mai son yaƙi. Tun da aka tare kogin nan, gonakin da ke ƙasa da madatsar sun bushe, ciki har da na dangin Inna. Mun bi ta lalama, aka yi ta shan shayi ana ɗaukar hoto. Muka jinkirta wa manyansu biza, suka koma hutu wata ƙasa. Muka rage guraben karatun da muke ba ɗalibansu, babu wanda ya ji, saboda 'ya'yan masu yanke hukunci ba a wurinmu suke karatu ba. Muka janye motocin asibiti da muka yi alkawari, jarida ɗaya ce ta buga. Daga nan dole a nemi abin da zai taɓa kowane gida ba tare da an zubar da jinin mutum ba. Idan ƙwai ya yi tsada, uwa ta ji, mai shayi ya ji, mai gidan burodi ya ji, su ne za su tashi su tambayi gwamnatinsu me ya sa take rigima da maƙwabta. Haka ake yi a ko'ina a duniya. Ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Game da ko na san ranar, na yi rantsuwar aiki, ba zan ce na sani ba, ba zan ce ban sani ba. Abin da zan ce kawai, ke mace ce mai jama'a. Maganar da ta shiga kunnenki da safe, kafin azahar ta isa tasha. Kuma in za a faɗi gaskiya, ƙasar da ta kai waɗannan shekaru ba ta iya ƙyanƙyashe ƙwanta ba, ita ta miƙa wuyanta. Ku nemi injinanku, ku daina dogara da gada.

Batun kora kuwa, ba na son ki wahalar da kanki a banza. Ki ba su sunana in zuciyarki za ta yi sanyi. A aikinmu, wanda ƙasar da muke rigima da ita ta kora gwarzo ne. Shaida ce cewa ya yi aiki har ya yi musu ciwo. Ana tarbarsa a filin jirgi, a ƙara masa girma, a tura shi ƙasar da ta fi wannan. Wani abokin karatuna haka aka yi masa, yanzu ni ke tashi tsaye in ya shigo.

In kina son a buɗe gada da wuri, hanyar a hannunki take. Ki tara 'yan ƙungiyarki ku matsa wa gwamnatinku ta sa hannu a yarjejeniyar ruwa. Muryarki tana kaiwa nesa, kowa ya sani.

Matata tana gaishe ki. Yara suna tambayar yaushe za su zo ganin kaji.

Ƙanenki mai biyayya

Yaya tawa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Ya haƙuri, ya ƙarfin hali? Ni ce Auta. Inna ce ta sa ni rubutu, tana zaune a gabana tana tsinke zare tana faɗa mini abin da zan sa, ni kuma ina sa wanda na ga dama.

Ta ce a gaya miki ƙafarta da sauƙi, maganin da kika aiko yana aiki. Ta ce kuma ta ji wai kina shirin sa a koro Jakadanta, ta ce ba ta haifi 'ya'ya don su yi ta korar juna a ƙasar mutane ba. Kin san ta da shi. Har yanzu hotonsa na ranar da ya fara aiki yana saman talabijin, tana goge shi da bakin zane, mu kuwa hotunanmu suna cikin akwati tare da tsofaffin katin asibiti.

Yaya, ni ma ina roƙon ki. Na san ya yi miki ba daidai ba, kuma tun yana yaro haka yake, ya ci naman miyarka ya zauna ya yi maka bayanin dalilin da ya sa hakan ya fi maka amfani. Amma ba mugu ba ne. Yana da tausayin 'yan'uwa. Ai da ya zo hutun nan na baya, shi ya ja Baban yara gefe ya ce masa kada ya kuskura ya ɗauki lodin ƙetare a watan, ya tsaya kan jigilar cikin gida. Baban yara ya so ya yi gardama, ya ce masa, "Ka dai ji abin da na ce." Da ba don haka ba, da motarmu tana layi ɗaya da taki a bakin gada. Kin ga mutumin da zai yi wannan ba za a ce ba shi da zuciya ba. Wataƙila ya so ya gaya miki ya manta, kin san aiki ya yi masa yawa.

A nan ma ba daɗi. Kamfanin ƙyanƙyasa ya rage ma'aikata tunda babu inda za a kai kaya, 'yan tsaki sun yi arha har yara na saye suna wasa da su. Ni ban gane wa ake hukuntawa ba.

Ki yi haƙuri don Inna. Yara suna gaida Gwaggo, ƙaramar ta ce a tuna miki takalminta.

Taki,
Auta

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali. Ka ga yau ban tsokane ka da suna ba.

Na karanta bayaninka, na sake karantawa, na kwana da shi. Sai ga takardar Auta da saƙon Inna. Ka san ni, fushina kamar wutar takarda ne, in ta ci ta mutu. Babu sunan da zan ba kowa. Mai tabarau ya sake kira na, na ce masa ni mai kaji ce, ban san kowa a ofishin jakadanci ba sai mai gadi.

Kuma na ga gaskiyarka. Ƙwai ya yi tsadar da mai shayin bakin kasuwa yana soya ɗaya ya raba wa mutum biyu. Matan da nake raba wa 'yan tsaki suna zuwa shagona su zauna su zuba tagumi, kejinsu babu komai sai ƙura. Kowa ya gaji. Shi ne na bi shawararka. Na kira babban taro na ƙungiya a ɗakin taron kasuwa ranar Asabar mai zuwa, masu kaji da masu ƙwai da masu abincin kaji, daga kowace jiha. Na gayyaci 'yan jarida da masu talabijin. Na gayyaci ma'aikatar harkokin waje ta nan, sun ce za su turo mutum. Za mu faɗi abin da ke ranmu game da gada da madatsa, a gaban kowa.

Ina so ka zo. Ba sai ka yi magana ba, ka zauna kawai a gaba ka ga amfanin gonarka da idonka, ka samu abin rubuta wa manyanka. Ka gaya wa Jakada 'yan kasuwa ne suka nemi a turo wanda zai saurare su. Ka sa farar rigar nan da ke yi maka kyau, don masu hoto.

Bayan taro ka biyo gida ka ci abinci. Doguwar kujera tana nan, ba wanda ya hau ta.

Yayarka

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwa da godiya. Takardarki ta faranta mini rai ƙwarai. Na san dama ke mai hangen nesa ce in fushi ya sauka. Na nuna wa Jakada gayyatar, ya amince, har ya ce irin wannan shiga cikin jama'a ita ake bukata daga ma'aikata. Zan iso da hantsi in Allah ya so. Ina ba da shawarar ki sa matan da suka fi shan wahala su fara magana, ya fi shiga zuciya a talabijin.

Ƙanenki mai biyayya

Auta 'yar Inna,

Sallama da gaisuwa. Ya yara, ya Baban yara da motarsa mai sa'a? Ki ce wa ƙaramar takalminta yana hanya. Wannan takardar taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa Inna, in ta tambaya ki ce gaisuwa ce da farashin ƙwai.

Na gode da takardarki, kin yi mini aikin da ba ki sani ba. Ya tuna da motar mijinki, ya manta da tawa? Bai manta ba, Auta. Motar Baban yara in ta tsaya a gada, wa zai ji? Tawa kuwa motar shugabar ƙungiya ce. Yana bukatar in yi asara, in yi kuka, kukana ya cika gari. Ya zaɓe ni ne kamar yadda nake zaɓar zakaran da ya fi cara.

Da na so in sa a kore shi. Sai ya rubuto mini da hannunsa cewa kora lambar yabo ce a aikinsu. Na zauna a shago ina juya maganar kamar yadda ake juya ƙwai a hasken fitila. Na ce to, in zagin mutanen nan ɗaukaka ne a wurin manyansa, yabonsu fa? Ai ko a kasuwa, yaron shagon da abokin hamayyarki ke yi wa kirari, ba ki sake barinsa kusa da aljihun tebur.

Ana cikin haka Allah ya kawo wata ƙasa mai nisa, wadda ta daɗe tana neman gindin zama a nan. Da ta ji maƙwabta sun ɓata, sai ga jirgi cike da injinan ƙyanƙyasa, kyauta, da tutarsu manne a kowane inji, ko makon kirki ba a yi ba. Su ma ba don Allah ba ne, tashar jirgin ruwa suke so, amma ni ina ruwana. Saurin zuwan ya sa kowa ke cewa lalle gwamnatin nan ta san za a rufe gada tun kafin a rufe. Wa ya gaya mata? Ba wanda ya sani. Ni ma ban sani ba. Wataƙila ma ba kowa.

Ranar Asabar ya zo cikin farar riga, yana ƙamshi. Na tarbe shi a ƙofa, na kama hannunsa na kai shi kujerar tsakiya, kusa da mai tabarau na ma'aikatar nan. Ɗaki ya cika har taga. Ya raɗa mini, "Yaya, ina matan da za su fara?" Na ce, "Kwantar da hankalinka, ni zan fara."

Na karɓi abin magana na ce, jama'a, ba kuka muka zo yi ba, godiya muka zo yi. Kun ga wannan da ke zaune? Ƙanena ne, ciki ɗaya. Sunansa ma'aikacin waccan ƙasa, amma zuciyarsa a nan take. Kowane ƙarshen mako a gidana yake, babu abin da ya shafi kajin ƙasar nan da ba mu tattauna ba, ni da shi, ƙofa a rufe. Da aka rufe gada, wa ya ce mini ku nemi injinanku, ku daina dogara da gada? Shi ne. Ga injinan nan sun zo. Wa ya ce in tara ku yau? Shi ne. Da ana samun irinsa a kowane ofishin jakadanci, da ba a ci amanar maƙwabci ba.

Ki duba da kyau, Auta, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sai dai ta ƙarshe.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi. Ya miƙe zai karɓi abin magana, sai matan ƙungiya suka yi masa rumfa, wata tsohuwa mai ƙwai ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana sa masa albarka, masu hoto na ta aikinsu. Shi kuwa mai tabarau, ban gaya masa komai ba, amma ɗan sana'a ne, kallo ɗaya ya yi mini ya gane inda aka dosa. Ya tashi ya rungume shi, ya ce gwamnati ba za ta manta da abokanta na gaskiya ba, musamman waɗanda suka taimaka a ɓoye. Ya maimaita "a ɓoye" don masu talabijin. Muka rataya masa ƙyallen ƙungiya a wuya, muka ba shi allon yabo, Aminin Masu Kaji.

Da za a fita ya matso kusa da ni, murmushi a fuska saboda kyamara, haƙora a cije. Ya ce, "Yaya, kin san abin da kika yi?" Na ce, "Yabonka na yi, ɗan Inna. Ko ban iya ba ne in sake?" Ya ce, "Kin kashe ni." Na gyara masa ƙyallen, na ce, "Haba, ba a zubar da jini ba. Haka ake yi a ko'ina a duniya."

Bai biyo gida cin abinci ba. Na ci nawa na ci nasa.

Ki gaida Inna, ki shafa mata ƙafar da kyau.

Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ina rubuto miki daga gida, daga ɗakin baƙi na gidan Auta, domin gidan gwamnati da ya kamata a ba ni an ce sai an gama bincike.

Kin san abin da ya biyo baya, amma zan faɗa don ki ji daga bakina. Kafin in koma babban birni hoton ya riga ni isa. Jakada bai ce in zauna ba. Aka ba ni kwanaki kaɗan in tattara. Babu wanda ya tarbe ni a filin jirgi sai Baban yara, mijin Auta. Yara sun bar makaranta a tsakiyar zango, babbar tana shirin jarrabawar fita. Matata ba ta yi mini magana sai ta kama dole. A ma'aikata an karɓe fasfo ɗina na aiki. Ina zuwa kullum in zauna a wani ɗaki kusa da matakala, tebur babu takarda, mutanen da na koya wa aiki suna wucewa suna duba wayoyinsu.

An kafa kwamiti. Tuhumar ita ce na fallasa ranar rufe gada ga gwamnatin can ta hanyarki, shi ya sa suka shirya injina da wuri, matakin ya lalace, yarjejeniyar ruwa ta koma baya. In aka same ni da laifi, ba kora kawai ba ce, kotu ce. Ba zan iya kawo maganar Baban yara ba, ita ma fallasa ce, kuma za ta jawo shi ciki.

Yaya, mutum ɗaya ne a duniya zai iya wanke ni, ke ce. Kwamiti ya ce zai karɓi shaida a rubuce, da sa hannunki da hatimin ƙungiya. Ba na neman ki yi ƙarya. Gaskiya kawai za ki rubuta: cewa ban gaya miki komai ba. Cewa na san motarki tana hanya a ranar, na yi shiru. Cewa tambayoyin da na yi miki a gidanki don rahoton ofis ne, ke ba ki sani ba. Cewa kin yi asarar lodinki gaba ɗaya, kuma da na buɗe baki da ba ki yi ba. Ki sa har maganar inuwa da murfin kwalba in kina so, lauyana ya ce irin wannan yana da ƙarfi. Duk abin da kika rubuta mini a takardarki ta farko, shi nake roƙo ki maimaita musu. Ita kanta na nuna musu, suka ce babu hatimi, kuma yaya da ƙane suna iya shirya irinta tun farko don ɓad da sawu.

Inna ba ta san zurfin abin ba. Tana tsammanin hutu aka ba ni.

Kin rama, na ji a jikina. Ina roƙon ki ki tsaya haka. Kwamiti zai zauna ƙarshen wata.

Ƙanenki

Zuwa ga ƙanena, Aminin Masu Kaji,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, ina gaishe ka, ina gaida masu masaukinka.

Na ɗauko biro da hatimi, na zauna, hannuna ya ƙi. In rubuta wa baƙi cewa ɗan da Inna ta haifa ya zauna a gidan yayarsa, ya ci abincinta, ya auna inda zai fi yi mata ciwo, ya bar ta a rana? In sa hannu a kan wannan, uwarmu tana da rai? Wa zai yarda ma? Ba a yin irin wannan mutum a gidanmu.

Babbar 'yarka ka turo ta nan ta yi jarrabawarta, ɗakinta a share yake. Ita ba ta yi mini komai ba.

Kwamitinku kuwa, ka ce musu ba sai na rubuta ba. In suna so, zan tsallako gada da ƙafata in tsaya a gabansu. Akwai alherinka da yawa da ban samu lokacin faɗa ba ranar Asabar.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Uwar Kaji